Akwatin da Na Bari a Waje

Ranar da na sauka Jamus, adireshin da ke cikin wayata ya kai ni ƙofar wani shagon gyaran keke. Na tsaya da jakunkuna biyu, ɗaya duk warin daddawar da matata Hauwa'u ta cusa a ciki, ina duba lambar gidan ina sake dubawa. Mai shagon, wani dattijo da hannunsa duk baƙin mai, ya karɓi wayar ya ƙura mata ido, sannan ya girgiza kai. Da guntun Turancinsa ya fahimtar da ni cewa babu ɗakin haya a saman shagonsa, tsofaffin tayoyi ne kawai, kuma ba ni aka fara turowa ba. Mutumin da ya aiko mini hotunan ɗakin ya karɓi kafin alƙalami ɗan ƙasarmu ne, har “ranka ya daɗe” yake ce mini a waya. Na kira lambarsa, a kashe. Har yau a kashe take.

Dattijon ya jawo mini kujera kusa da hita, ya zuba mini kofi baƙi ƙirin, ya koma kan kekensa bai ƙara tambayata komai ba. Na fi awa guda ina juya wayar a hannu. Mutum ɗaya na sani a duk garin, kuma shi ne ya ce kada in ba kowa ko sisi sai na iso.

Uche ke nan, abokina tun muna sakandare a Funtuwa. Iyayensa Ibo ne, babansa mai sayar da kayan gyaran babur, amma a Funtuwa aka binne cibiyarsa, Hausarsa kuwa ta fi tawa karin magana. Ni ɗan manomi ne daga Gozaki, shi ya sa tun aji ɗaya yake ce mini ɗan Gozaki. Da muka gama, na karanci gwajin jini na kama aiki a wani asibiti a Malumfashi, na shekara tara ina duba zazzaɓin cizon sauro da taifot. Uche kuwa ya tsallaka Jamus, ya zama ma'aikacin ɗakin bincike a wata jami'a. Shi ya turo mini sanarwar gurbin digiri na uku, shi ya gyara mini takardar nema sau huɗu, shi ya yi wa Farfesarsu magana a kaina. Ya ce in sauka gidansa. Ni kuma na ga magidanci mai 'ya'ya biyu ai bai kamata ya kwana a falon wani ba. Girman kan nan shi ya zaunar da ni cikin tayoyi.

Da na gaji na kira shi. Bai yi rabin awa ba ya turo ƙofar shagon, ya dube ni, ya dubi jakunkuna, ya tuntsire da dariya.

“Ɗan Gozaki! Wanda bai ji bari ba ai ya ji hoho. Tashi mu tafi, warin daddawar nan tun daga titi nake jin sa.”

Wata biyu na yi a kan doguwar kujerar falonsu. Matarsa Ifeoma ba ta jin Hausa, a gidan kula da tsofaffi take aiki. Kwana biyu da zuwana ta dawo da sabuwar tukunya da nama daga mahautan Turkawa, ta ce wannan tawa ce, ba abin da zai shiga cikinta sai abin da nake ci. Ban roƙe ta ba. Ɗiyarsu Ada, 'yar shekara bakwai, ita ta koya mini ƙirga da Jamusanci, tana dariyar bakina. Uche kuwa kukar miyar da na zo da ita ta sha wuya a hannunsa. Ya tuƙa tuwon semo, ya kaɗa miya, ya ci har yana lumshe ido, yana tambayata ko har yanzu mai tsiren nan na bakin tasha yana nan.

Duk da haka kewa ta kama ni. Lokacin sanyi ne, ƙarfe huɗu na yamma gari ya yi duhu. Ina tsaye a tashar jirgin cikin gari sai in tuna yanzu a gida ana ɓarar masara, manyan motoci sun yi layi a hanyar Bakori, Baba yana tsaye kan buhuna yana faɗa da masu awo. A nan kuwa mutum zai zauna kusa da kai a jirgi tun daga farkon layi har ƙarshe bai ce maka sannu ba.

A ɗakin binciken abin da ya fara ba ni mamaki ɓeraye ne. Mu a gida ɓera abokin gaba ne, in ya shiga rumbu da sanda ake bin sa. A nan sai ka sa riga ta musamman da hula da safar hannu kafin a bar ka ka shiga wurinsu, don kada kai ka sa musu cuta. Uche ya koya mini yadda ake kama su ta fatar wuya ba tare da an tsorata su ba. Shi ne kuma ya yi mini bayanin aikinmu da Hausa, bayanin da ya fi duk takardun da na karanta shiga kaina.

“Jiki yana da mayaƙa,” in ji shi, “su ake kira ƙwayoyin T. Cikinsu akwai 'yan kaɗan da aikinsu tsawatarwa ne. Su ke cewa ya isa haka. In suka yi rauni, mayaƙan sai su juyo kan mai gida, su ci masa gaɓoɓi da fata da ƙoda.”

Nan take na tuna matan da ke zuwa mana a Malumfashi da kumburarrun gaɓoɓi, mu yi duk gwajin da muke da shi mu ce ba mu ga komai ba, dangi su ce jifa ne su mayar da su ƙauye. Na ji lallai ban zo a banza ba.

Aikin da aka ba ni shi ne in ciro ƙwayoyin T daga saifar ɓera, in zuba su a faranti, in ɗiga musu wasu furotin guda biyu, in jira kwana huɗu in ga nawa suka rikiɗe suka zama masu tsawatarwa. Furotin ɗin irin na jikin ɓera ne, amma ba daga ɓera ake tatso su ba. Ana ɗauko umarnin yin su ne daga halittar ɓera a dasa a cikin bakteriya, ita kuma ta yi ta ƙera su a masana'anta. Suna zuwa cikin kwalba da ba ta kai ɗan ƙaramin yatsa ba. Ranar da na fara gani na ɗaga ta sama na duba, na ce, “Uche, ku ma an cuce ku. Ba komai a ciki.”

“Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake,” ya ce. “Yana nan a gindi, idonka ne bai kai ba.”

Aikin Uche ne ya narkar da shi, ya rarraba cikin 'yan mitsi-mitsin kwalabe, ya rubuta wa kowace suna da hannunsa, ya jera su a wani akwatin kwali mai ruwan bula, ya sa a babbar firiza. A murfin akwatin akwai harafin sunansa. Doka ɗaya ya ba ni, kuma ya maimaita ta har ta gundure ni: ka ɗauki kwalba ɗaya, ka mayar da akwatin nan take. Ɗumi yana kashe ƙarfin furotin, kuma ba a ganewa da ido. Mai rai da matacce duk kamar ruwa suke.

Na shiga wata na shida, na samu ɗakina na kaina, hannuna ya fara faɗawa da aikin. Wata Juma'a wajen sha biyun rana na fito da akwatin. Hannuna cike yake da faranti, sai na ɗora shi a saman injin da muke rainon ƙwayoyi a ciki, wani abu mai ɗumi kamar injin ƙyanƙyasar ƙwai, na tura shi bayan kwalin safar hannu. Wayata ta yi ƙara. Hauwa'u ce ta bidiyo, tana ihu in zo in gani, ɗiyarmu Sadiya ta fara tafiya. Tana jaririya na baro ta. Na fita baranda na kalli ɗiyata ta yi taku uku ta faɗi, ta tashi ta sake. Da muka gama na dubi agogo na ga jirgin da zai kai ni masallaci saura minti biyar. Na cire rigar aiki na ruga. Bayan salla na ci abinci da wasu 'yan Gambiya, na wuce ɗaki.

Na sha neman uzuri a cikin ranar nan. Na so a ce wani mummunan labari aka bugo mini daga gida, da na samu abin jingina. Babu. Farin ciki ne da gaggawa kawai.

Ranar Lahadi da safe na je sauya wa ƙwayoyina ruwa. Na miƙa hannu zan ɗauki safar hannu, sai na taɓa akwatin. Yana kwance ta gefe, da ɗuminsa kamar an fito da burodi. Ba kowa a ginin sai ni da ƙarar firiza. Na tsaya riƙe da shi ban san iya lokacin da na ɗauka ba. Na tuna saura wata biyu a zauna a duba ko na cancanci ci gaba, kuma bizata a kan wannan zaman take rataye. Na tuna yadda aka yi mini rakiya har Funtuwa da mota biyu. Na ce wa kaina wataƙila bai lalace ba, Turawa ai sun cika tsoro. Na buɗe firiza na tura shi yadda yake, na rufe. Na ce gobe Litinin zan gaya wa Uche.

Litinin ta zo, Uche ya shigo yana waƙa, ya kawo mini ƙosan da Ifeoma ta gwada yi. Na ce bari sai Talata.

Mu biyu ke amfani da akwatin, ni da wata ɗaliba 'yar Biyetnam mai suna Lin, wadda saura mata gwaji na ƙarshe ta rubuta kundinta ta koma gida wurin mijinta. Satin farko ƙwayoyinta suka ƙi rikiɗa. Nawa ma haka. Sati na biyu haka. Duk gwaji ɗaya kuwa sai an kashe ɓeraye an ciro saifa. Ni da hannuna na riƙa kama su ta fatar wuya yadda aka koya mini, ina sane da cewa a banza za su mutu. Wata rana na tarar da Lin a gaban na'urar ƙirga ƙwayoyi ta kife kai tana kuka ba sauti. Na miƙa mata takardar share hawaye.

Ban tsaya a shiru kawai ba, wannan shi ne abin da ya fi yi mini nauyin faɗa. Da ana ta neman dalili, ni ne na ce ko ruwan da muke rainon ƙwayoyin ne ya gurɓace. Aka zubar da shi aka haɗa sabo. Shawarar tawa ta ci mana sati guda cur.

A sati na biyar Farfesa ta sa aka sayo sabuwar kwalba aka gwada ta gefe da gefe da tsohuwar. Sabuwar ta yi aiki, tsohuwar ko gezau. Farfesa doguwar mace ce mai furfura, da keke take zuwa aiki, ba ta iya kewaye-kewaye ba. Ta tara mu ranar Talata, ta ce Uche ya kawo akwatin cikin ƙanƙara. Ya ajiye shi a tsakiyar tebur. Ta ce an duba bayanan firiza, sanyinta bai taɓa sauka ba. Sannan ta dube mu ɗaya bayan ɗaya.

“Akwai wanda ya fitar da akwatin nan ya daɗe a waje? Ba hukunci nake nema ba, sani nake so in yi.”

Na ƙura wa kofin shayina ido. Maganar ta zo har bakina, na ji ɗanɗanonta, na haɗiye. Da na ɗago, Uche yana kallona. Sau ɗaya ne, bai daɗe ba. Sai ya juya wurin Farfesa ya ce, “To wataƙila ni na yi kuskure wajen narkarwa.”

Ta rubuta wani abu a littafinta. Aka tashi.

Zaman duba aikina ya zo na wuce lafiya, har aka yaba mini haƙuri a kan matsalar da ba laifina ba. Lin ta ƙara wata huɗu a kan lokacinta. Da shekara ta zo ƙarshe aka rage wa sashenmu kuɗin bincike, aka ce cikin ma'aikatan ɗakin biyu, Uche da wata mata, ɗaya za a sabunta wa kwantiragi. Uche ya fi ɗayar daɗewa, ya fi ta ƙwarewa. Ita aka ɗauka.

A tashar jirgi ya gaya mini, kamar mai ba da labarin ruwan sama. Na ce innalillahi. Na ce Allah ya sa haka ne mafi alheri. Na ji muryata tana faɗin kalmomin nan masu tsarki, na ji ƙyamar kaina.

Daga nan na fara gudun gidansu. In ya kira in ce aiki ya yi yawa. Ifeoma ta riƙa aiko mini miya a roba ta hannunsa, ni kuma in ci da ƙyar. Ranar bikin haihuwar Ada na sai mata keken da ya fi ƙarfin aljihuna, Uche ya dubi keken ya dube ni. Salla ma ta zama mini wani abu daban. In na kai goshi ƙasa, akwatin nan mai ruwan bula nake gani. Na yi istigfari har na gaji, alhali na san tun ina makarantar allo cewa haƙƙin mutum ba a kan dadduma ake biyan sa ba.

Wata Asabar da hantsi na kira Baba a Gozaki. Muka gaisa, ya ba ni labarin tsadar taki da na auren ɗan ƙanensa a Kafur. Sai na ce, “Baba, ina da tambaya. In shanun mutum suka shiga gonar maƙwabci suka yi ɓarna, ba wanda ya gani, har aka ɗora wa wani laifin, aka ci shi tara, magana ta wuce...”

“Shanun wa?”

“Misali ne, Baba.”

Ina jin kukan awaki a bayansa.

“Mannir, kai dai ba ka da shanu. Ban san abin da ka yi ba, kada ma ka gaya mini. Ba ni ka yi wa ba. Je ka gaya wa mai gonar.”

Ya ba Inna wayar.

Duk da haka sai da na ƙara sati uku. Uche ya samu aiki a wani kamfanin gwajin jini a wani ƙaramin gari mai nisan awa uku, aikin da bai kai rabin iliminsa ba. Dole Ifeoma ta bar tsofaffinta, Ada ta bar makarantarta da ƙawayenta. Ranar tashinsu na je taya su kwasar kaya. Muna sauko da doguwar kujerar nan daga hawa na uku, shi a ƙasa ni a sama, muka ajiye ta a kwanar bene mu huta. A nan na faɗa. Ban tsara ba, haka ta fito.

“Uche, ni ne. Ni na bar akwatin a waje, daga Juma'a har Lahadi. Na mayar ban gaya wa kowa ba.”

Ya share gumi da gefen rigarsa.

“Na sani.”

Na zauna a kan matakalar benen.

“Ni a tsaye nake daskarar da kwalabena,” ya ce. “Ranar taron nan da na buɗe akwatin, ƙanƙarar kowace kwalba ta kwanta gefe guda. Ka ga ta narke ke nan, an mayar da ita a karkace. Mu uku ke taɓa akwatin. Lin ta yi sati biyar tana kuka. Kai kuma ka yi sati biyar ba ka kalli idona ba.”

“To me ya hana ka faɗa?”

“Ni na kawo ka. Ni na ce wa matar nan na san ka tun muna yara, ba ka ƙarya. In tashi a gaban Turawa in nuna ka da yatsa?” Ya girgiza kai. “Na ɗauka kafin a tashi taron za ka yi magana. Da aka tashi na ce gobe zai same ni. Na jira ka sati, na jira ka wata. Da aka ba ni takardar sallama na ce yau kam zai faɗa. Sai ka ce mini Allah ya sa haka ne mafi alheri.”

Bai ɗaga murya ba. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

“Ka yafe mini, don Allah.”

Ya dubi kujerar, ya sunkuya ya kama ƙafarta.

“Ɗaga gefenka, Mannir. Mai mota yana jira.”

Tun da muka san juna ban taɓa jin ya kira ni da sunana haka kawai ba.

Washegari na ƙwanƙwasa ofishin Farfesa. Ta saurare ni har na gama, ta cire tabarau ta ajiye.

“Da ka faɗa ranar Litinin ɗin nan,” ta ce, “da kwalba biyu muka yi asara. Ni kaina na taɓa yin irin wannan ina ɗaliba. Kowa yana yi.”

Na roƙe ta ta kore ni ta dawo da Uche. Ta ce ba haka abin yake tafiya ba, gurbinsa ya riga ya tafi, korata ba za ta dawo da shi ba. Ta ce ba za ta yi mini ƙarya ba, maganar akwatin tana cikin abin da ta auna ranar da ta zaɓa. Ta rubuta wa Uche takardar ban haƙuri, ta sake masa takardar shaidar aiki. Ni kuma ta ce in tsaya a taron Talata in maimaita abin da na gaya mata a gaban kowa. Na tsaya na faɗa. Lin tana zaune a gabana, ta dawo karɓar takardunta. Har ta bar ƙasar ba ta sake amsa gaisuwata ba. Ba a kore ni ba. Na ci gaba da aikina, ƙwayoyina suna rikiɗa yadda ake so, amma na shekara ban buɗe firizar nan ba sai da wani a tsaye kusa da ni.

Na rubuta wa Uche saƙo ya fi a ƙirga. Wani lokaci ya amsa da kalma biyu, wani lokaci ya yi shiru. Da ya ji zan zo gida hutu a shekara ta uku, sai ga ƙunshi ta gidan waya: maganin ciwon gwiwa, da atamfa, da hotunan Ada. A jikin kwalin ya rubuta, “A kai wa Mama.” Ba gaisuwa, ba komai.

Babansa ya rasu da daɗewa, amma mahaifiyarsa ta ƙi komawa kudu. Ta ce duk wanda ta sani a Funtuwa yake. Na same ta da la'asar a shagonta na manja da agushi da garin rogo, ta tsufa, hannunta yana rawa. Tana ganina ta tashi da ƙyar ta riƙe ni.

“Ɗana! Ɗana ya dawo! Dubi yadda ka rame, ba sa ba ku abinci ne?”

Ta aika aka sayo mini lemo mai sanyi, ta zuba mini gyaɗa a faranti. Ta buɗe ƙunshin tana shafa hotunan jikarta. Ta ce kullum tana gode wa Allah da ya haɗa mu a can, ko ba komai Uche yana da ɗan'uwa kusa. Ta ce ta ji ya canza wurin aiki, ya ce mata iskar sabon garin ta fi kyau.

Zan iya shan lemona in tashi. Na ajiye kwalbar na gaya mata. Ban yi mata bayanin ƙwayoyin T ba. Na ce an ba Uche ajiyar wani magani, ni na lalata shi na ɓoye, aka ɗora masa, ya rasa aikinsa, kuma ya san ni ne ya rufa mini asiri.

Ta juya ta kalli titi. Wata yarinya ta zo sayen manja, ta ce mata ta dawo anjima.

“Ka gaya masa da bakinka?”

“Na gaya masa, Mama. Bayan wata bakwai.”

“Ya ce me?”

“Bai ce ya yafe ba.”

Ta jinjina kai. Ta laluba cikin zaninta ta fito da waya ta miƙo mini.

“Kira mini shi, irin wanda ake ganin fuska. Ka riƙe mini, hannuna ba ya tsayawa.”

Na kira. Ya ɗauka yana cikin farar rigar aiki. Na durƙusa a gefenta na ɗaga wayar daidai fuskarta. Suka yi ta magana da Ibo, harshen da na shekara shida ina zama benci ɗaya da mai shi ban koyi ko gaisuwarsa ba. Muryarta ta hau, ta sauka. Ta yi kuka kaɗan ta share. Shi ma ya yi magana mai tsawo. Sau uku na ji sunana, ban san ko tsine mini ake ba ko roƙa mini. Hannuna ya gaji, ya fara sauka, ni ma idona ya cika ban ga abin da nake yi ba.

Sai na ji ya juya zuwa Hausa.

“Mannir.”

“Na'am.”

“Gyara riƙon wayar. Galan ɗin manja kawai nake gani.”

Na sa hannu biyu na ɗaga ta. Suka ci gaba da maganarsu, ni kuma na riƙe har suka gama.